Ilimin Fim a Bakin Ma'abotansa: Shawara ga Matasan Illela

Duk wanda ya shiga kasuwar Illela ran Lahadi, ya ratsa kara inda ake cinikin shanu da raƙuma, ya zaga wajen 'yan albasa da 'yan canji, har ya kai matattarar 'yan kabu-kabu masu ƙetarar da mutane zuwa Birnin Ƙonni, da wuya ya yi nisa bai ga wani saurayi ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton wani abu ba. Kuma ina kyautata zaton da za a tara abin da wayoyin garin nan suke ɗauka cikin shekara guda, da ya rinjayi abin da ma'aikatan majigin gwamnatin Jihar Arewa suka ɗauka tun kafuwar ofishinsu har rushewarsa. Amma duk da wannan yalwa, galibin abin da ake samu guntaye ne na minti ɗaya, a kalla yau a manta gobe, alhali kuwa garin cike yake da al'amura waɗanda suka cancanci a zauna musu, a bi su wata da watanni, a fitar da su cikin fim ɗin gaskiya, watau irin wanda ba a rubuta wa 'yan wasa magana su haddace ba, sai dai a bi mutane na haƙiƙa cikin sha'aninsu, a tsara abin da aka gani ta yadda mai kallo zai fahimci abin da bai fahimta ba a da.

Ra'ayina a kan wannan mas'ala shi ne, wannan fanni ba ya samuwa sai a bakin ma'abotansa, kuma inda suke taruwa har talaka ya iya kai gare su shi ne bukukuwan fina-finai. Sa'an nan, abin da ya fi wannan muhimmanci, ma'abotansa mafi kusa da ɗan Illela, waɗanda suka yi aikin da harshensa kuma a kan ƙasa irin tasa, suna arewa da shi, a hayin iyaka, yayinda shi kuwa ya saba idan aka ce fim sai ya juya fuskarsa Kano ko Legas.

Neman sani ta hanyar tafiya wurin masu shi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, an haife shi a Maratta a 1754, a ƙasar da yau take cikin Jamhuriyar Nijar, kuma ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa sai da ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, domin kawai ya lissafa shaihunan da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne. Ba ina daidaita sana'ar hoto da ilimin addini ba ne, Allah ya tsare, tsakaninsu akwai nisa. Abin da nake so a lura da shi shi ne ƙa'idar da magabata suka tsaya a kanta, cewa littafi yana ba ka matani, amma ladabin aiki da shi, da sanin inda ake tsayawa da inda ake wucewa, sai ka gurfana gaban wanda ya yi. Mai fim ɗin gaskiya kuwa mai riwaya ne, yana ɗauko maganar wani ya kai wa waɗanda ba su halarta ba, saboda haka duk abin da ake nema ga mai riwaya, na adalci da kiyayewa da rashin ƙari, ana nemansa gare shi.

To, a hayin iyaka akwai silsila ta wannan sana'a wadda ta kai shekara saba'in tana gudana. Farkonta wani Bafaranshe ne, Jean Rouch, wanda ya zo Nijar a 1941 yana injiniyan hanya, daga baya ya ajiye awon hanya ya ɗauki kyamara. Ya ɗauki fim a kan yadda Sarkawan kogin Kwara suke farautar dorina, ya je Faransa ya haɗa shi, ya sa masa kiɗa a wurin da farauta ta yi zafi kamar yadda Turawa suka saba, sa'an nan a 1954 ya yi abin da masu fim na zamaninsa ba su cika yi ba, ya komo da shi Ayoru, ya kafa farin ƙyalle, ya nuna wa mutanen da ke cikinsa. Da suka kalla, sai masuntan suka ce masa kiɗan nan kuskure ne, domin farautar dorina shiru take so, kuma kiɗa ƙarfin zuciya yake ƙara wa dabbar. Shi kuwa bai yi musu ba, ya cire kiɗan. A wannan zaman ne kuma mutanen wurin suka ba shi shawarar abin da ya kamata ya ɗauka nan gaba, har aka samu wasu daga cikin fina-finansa da suka fi shahara. Wannan ƙissa ita ce, a ganina, darasin farko na fannin gaba ɗaya, domin ta nuna cewa wanda aka ɗauka yana da hakkin gyara wanda ya ɗauke shi, kuma fim bai kammala ba sai ya koma gaban masu shi sun yi masa tashihi.

Daga hannun Rouch mutane suka fito waɗanda suka zama malamai da kansu. Oumarou Ganda, wanda ya fara da fitowa a fim ɗin Rouch a Abijan yana ɗan ci-rani, ya koma mai ba da umarni, kuma shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Moustapha Alassane, wanda ya yi fim a kan aure tun 1962, ya zauna a Tawa shekaru masu yawa har zuwa ƙarshen rayuwarsa a 2015. Wani abin da mutanen Illela da yawa ba su riska ba shi ne, Rouch ɗin nan ajalinsa a maƙwabtansu ya same shi, domin ran 18 ga Fabrairu 2004, yana da shekara 86, ya yi haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a kan hanyar Tawa, ya rasu, aka binne shi a Yamai. Bayan rasuwarsa da shekara biyu, Inoussa Ousseini, wanda shi ma ya yi zama da shi, ya kafa dandalin fina-finan gaskiya na Afirka a Yamai, inda ake nuna ayyuka kuma a zaunar da matasa gaban waɗanda suka yi su.

Wanda ya fi dacewa ɗan Illela ya san labarinsa shi ne Sani Elhadj Magori, mutumin Galmi, garin albasar nan da ke gabas da Ƙonni a kan hanyar Maraɗi. Malamin gona ne tun asali, ya shiga sana'ar fim da girmansa ta hanyar zaman rubutu na shirin Africadoc, inda ake tara masu niyyar fim a gaban ƙwararru su yi ta tankaɗe da rairayar labarinsu kafin a taɓa kyamara, sa'an nan ya yi karatu a Jami'ar Gaston Berger ta Sanlwi a ƙasar Sanagal. Fim ɗinsa na 2008 a kan albasar garinsu yake, amma bai tsaya yana lissafa mana buhu nawa ake nomawa ba. Sai ya bi wani manomi wanda auren 'yarsa ya rataya a kan abin da gonar za ta bayar da kuma farashin da za a tarar a kasuwa, ta yadda mai kallo, ko bai taɓa ganin fadamar albasa ba, zai ji a jikinsa abin da faɗuwar farashi take yi wa gida. Wannan fim ya ci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA a 2009, a nan Nijeriya. Wanda ya biyo bayansa, Kukan Kurciya, ya fi shi ban mamaki, domin a cikinsa ya nemo wata tsohuwar zabiya wadda waƙoƙinta a zamanin ƙuruciyarta suka zuga samari barin gida zuwa ci-rani a bakin teku, cikinsu har da mahaifinsa, ya lallashe ta suka kama hanya har Abijan, domin muryar da ta fitar da su ta kira su gida. Duk wanda ya san gidajen yankin nan da mazansu suka daɗe a Kurmi ko Gana ko Libiya, ya san wannan labari nasa ne.

A kamfanin Magori, Maggia Images, Aïcha Macky ta Damagaram ta ƙara gogewa, bayan ta bi ta dandalin Yamai. Da hannunsa a fim ɗinta na 2016 a kan matan da ba su samu haihuwa ba, inda ta fara da halin da ita kanta take ciki kafin ta nemi wata mace ta buɗe mata nata cikin, kuma wannan fim ma ya ci kyautar AMAA. A 2021 ta fitar da Zinder, wanda ta ɗauka a unguwar Kara-Kara ta Damagaram tsakanin samarin da gari yake tsoro, har da masu fasa-ƙwaurin man fetur daga Nijeriya, kuma da Hausa suke magana daga farko har ƙarshe. Ga silsila nan a fili, kowa ya ɗauka daga wani ya miƙa wa wani, kuma sunan kamfanin nan ma na kwarin Maggiya ne, wanda ruwansa yake gangarowa ta Ƙonni ya zube a tafkin Kalmalo, a ƙasar Illela.

Mene ne takamaimai ake samu a wurin biki wanda ba a samu a waya? Sarrafa kyamara, da daidaita haske, da yanka hoto a kwamfuta, duk waɗannan yaro mai himma zai iya koyonsu a YouTube cikin 'yan watanni, kuma ban ga laifin haka ba. Amma idan aka gama nuna fim, aka kunna fitila, mai fim ɗin ya zauna a gaban jama'a, to a nan ne ake buɗe babin da ba a rubuta shi a ko'ina ba. A nan ne za ka tambaye shi wata nawa ya yi yana zuwa gidan mutumin nan kafin ya fito da kyamara daga jaka. Me ya faɗa wa mai gida har ya yarda a shiga cikin gidansa. Wace magana ce aka faɗa masa mai daɗin ji wadda ya cire domin ya san za ta jawo wa mai ita fitina. Yaya ya yi ran da wanda yake bi ya ce ya fasa. Wa ya biya kuɗin, kuma me mai kuɗin ya nema a canza. Amsoshin nan su ne sana'ar. Yadda yaron dillali a kara ba ya koyon ƙimanta sa daga bayani, sai ya shekara yana tsaye bayan ubangidansa, yana ganin inda yake taɓawa da lokacin da yake yin shiru a bar mai saye ya yi magana, haka mai koyon fim yake bukatar ya ga gwani yana yanke hukunci, ya ji dalilinsa, ya kuma ga inda wani gwanin ya saɓa masa.

Babban abin da ake ɗauka a irin wannan majalisa, bayan haƙuri, shi ne amana. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane, ya hana giba, ya yi umarni da suturta Musulmi, kuma wanda ya riƙe kyamara yana tafiya ne kullum a gefen waɗannan haramce-haramce, ko ya sani ko bai sani ba. Muna ganin yadda ake ɗaukar mabaraci ko mai taɓin hankali ko matar da ta rasa ɗanta, a watsa a Facebook da TikTok ba da izninsu ba, a kira shi wayar da kai. Wanda ya zauna da mutane irin su Macky zai ji cewa kafin bazawara ko tsohon ɗan daba ya yi magana a gaban kyamara, an daɗe ana zama da shi, an bayyana masa inda hoton zai je da wanda zai gani, kuma an bar masa ƙofar cewa a'a. Irin wannan wara'i ba a koyonsa daga na'ura.

Kada a ce na raina abin da ke gida. Adamu Halilu, wanda ya yi aikin majigi a Arewa kafin ya ɗauki Shehu Umar a 1976, ya bar gado. Akwai makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos, akwai bikin Zuma a Abuja, akwai bikin KILAF a Kano tun 2018 wanda ya ba harsunan gida muhimmanci, akwai kuma bikin iREP a Legas, wanda Femi Odugbemi da abokansa suka kafa a 2010 musamman domin fim ɗin gaskiya, kuma duk matashin da ya samu hali ya je. Sai dai majigin da muka gada wa'azin hukuma ne, ana nuna wa talaka yadda zai shuka auduga ko ya tsabtace rijiya, ba a tambayarsa abin da ya gani. Kannywood kuwa, tun Turmin Danya a 1990, ƙarfinta ya tafi ga wasan kwaikwayo, domin can kasuwa take. Saboda haka al'adar zama a saurari talaka da Hausa, a bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, ta fi kafuwa a wancan hayi, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya ɗebi wuta a gidan ɗan'uwansa.

Akwai hujjoji da za a kawo a kan wannan shawara, kuma ba duka ne marasa nauyi ba. Za a ce harkar fim a Nijar da Faransanci ake yinta, takardun neman tallafi da Faransanci, muhawarar biki da Faransanci. Haka ne a kan takarda. Amma Magori Bahaushen Galmi ne, Macky 'yar Damagaram ce, kuma da zarar an sauko daga kan mumbari an zauna shan shayi, harshen da za a yi da ɗan Illela shi ne wanda ya tashi da shi. Za a ce kuma biki kwana kaɗan ne, ba ya mai da jahili malami. Wannan gaskiya ce, kuma a nan ne da yawa suke ɓata, domin akwai masu yawon bukukuwa waɗanda abin da suke tarawa shi ne takardar shaidar halarta da hoto tare da manya, shekara ta zagayo ba su ɗauki ko minti goma na kirki ba. Amfanin biki shi ne ya haɗa ka da wanda za ka lazimta bayan an watse, ka riƙe masa abin ɗaukar sauti, ka ɗauki jakarsa, ka zauna gefensa ran da yake haɗa hoto. Wanda ya je da guntun aikinsa a waya, ya nuna, ya jure a kushe shi a gaban mutane, shi ne ya ci ribar tafiyar.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta kuɗi. Galibin waɗannan fina-finai da tallafin Turai aka yi su, kuma mai tallafi yana da abin da yake son gani daga ƙasashenmu, wanda sau da yawa bai wuce yunwa da ta'addanci da 'yan gudun hijira ba. Matashin da bai yi hattara ba sai ya koyi harshen masu ba da kuɗi kafin ya koyi sauraron mutanensa, ya riƙa kallon garinsu da idon baƙo. Maganin wannan shi ne abin da aka yi a Ayoru, watau a sa wa kai sharaɗi cewa duk fim ɗin da aka ɗauka a Illela, a Illela za a fara nuna shi, a gaban waɗanda ke ciki da danginsu, kafin ya tafi Wagadugu ko wani gari na Turai. Wanda ya san zai haɗu da mutanen fim ɗinsa a masallaci da kasuwa ba zai yi musu ƙari ba.

Abin ɗauka kuwa ba ya ƙarewa. An rufe iyakar nan a watan Agusta 2019, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024 kafin Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Jaridu sun ba da labarin manyan motocin da suka yi layi da kayan da suka ruɓe, amma yadda matar da iyayenta ke Ƙonni ta yi ta'aziyya, da yadda ɗan kabu-kabu ya ciyar da gidansa, da abin da ya faru da bashin da ke tsakanin 'yan kasuwar hayi biyu wanda ba a rubuta shi a takarda ba, waɗannan suna cikin ƙirazan mutane, kuma ɗan gari kaɗai za a faɗa wa. Ga tafkin Kalmalo da abin da dattawan masunta da manoman rani za su ce game da ruwansa tun da aka yi madatsai a kan Maggiya. Ga kuma ta'asar da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta yi a Birnin Ƙonni a watan Mayu 1899, wadda jikokin waɗanda abin ya shafa suke riƙe da labarinta har yau. Sai da wani Bature, Rob Lemkin, ya zo daga Ingila ya ɗauki bakinsu a fim ɗin African Apocalypse na 2020, da taimakon Amina Weira, 'yar Nijar mai fim ita ma. Ya kyauta da ya zo, amma tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur daga Illela.

Abin da nake roƙo ga shugabannin ƙaramar hukuma, da sarakuna, da attajiran kara da na albasa, da malaman Jami'ar Usmanu Danfodiyo masu koyar da aikin jarida da Hausa, ƙarami ne idan aka gwada shi da abin da ake kashewa a taron siyasa guda. Da fari a zaɓi matasa kaɗan, maza da mata, waɗanda aka ga alamar naci a aikinsu, a biya musu kuɗin mota da masauki zuwa bikin Kano ko Legas ko Yamai, bisa sharaɗin kowa ya tafi da guntun fim ya komo da gyararre. Sa'an nan, idan hanya ta yi lafiya kuma hukumomin tsaro na ɓangarorin biyu suka ba da izni, domin ɗaukar hoto a bakin iyaka a wannan zamani ba abin wasa ba ne, a gayyato ɗaya daga cikin waɗannan gwanaye ya yi mako guda a garin da rani, bayan an kwashe albasa, a kafa farin ƙyalle a filin makaranta da dare a nuna aikinsa, da hantsi kuma ya zauna da ɗalibai a kan nasu. Abin da ake bukata bai wuce janareta da na'urar haska hoto da lasifika da tabarmi ba. Duk fim ɗin da ya fito daga wannan zama, a rubuta a ƙarshensa sunan wanda aka koya a wurinsa da sunayen waɗanda suka yarda aka ɗauke su, a ba kowannensu kwafi, a kuma kai ɗaya ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, tare da ɗanyen hoton da ba a yanka ba, domin mai bincike na gaba zai bukaci abin da aka cire kamar yadda zai bukaci abin da aka bari.